Sinadaran da Ba Sa Ruɓewa: Yadda Iyali Za Su Rage Haɗuwa da Su a Cikin Gida

Akwai wani rukuni na sinadarai da ɗan Adam ya haɗa a masana'antu waɗanda ƙasa ba ta iya cinye su. Ganye ya faɗi ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa ya zube, amma waɗannan sukan yi shekaru gommai a cikin ƙasa da ruwa ba tare da sun sauya ba. Idan suka shiga jikin mutum ko na dabba, jiki ba ya fitar da su sai a hankali ƙwarai, saboda haka ɗan abin da aka sha yau yakan tarar da na bara yana nan. Masana na kiransu sinadarai masu daɗewa, 'yan jarida kuma sun laƙaba wa wani ɓangare nasu suna sinadaran har abada.

Kusan babu wanda jininsa ya kuɓuta daga gare su. Binciken da hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta shafe shekaru tana yi ya same su a jinin kusan duk waɗanda aka gwada, an kuma same su a jikin dabbobin yankin ƙanƙara na arewacin duniya, inda babu masana'anta ko ɗaya. Don haka batun kauce musu baki ɗaya bai taso ba. Abin da iyali za su iya yi shi ne rage yawan abin da ke shiga jiki, musamman jikin mai juna biyu da ƙananan yara, kuma mafi yawan matakan ba sa buƙatar kuɗi.

Rukuni biyu

Rukuni na farko tsofaffi ne, galibinsu masu ɗauke da sinadarin kulorin. A cikinsu akwai magungunan ƙwari irin su DDT da aldrin da dieldrin da lindane, wanda manoma da masunta suka fi sani da sunan gamalin. Akwai PCB, wanda aka daɗe ana zuba shi a man taransifoma. Akwai kuma dayoksin, wanda ba a ƙera shi da gangan, sai dai ya samu a duk lokacin da aka ƙona shara ko roba a wutar da ba ta kai zafin da ya kamata ba. Waɗannan sun fi son kitse. Suna taruwa a kitsen dabba, da ƙwai, da madara, da kifi, kuma yawansu yana ƙaruwa daga ƙaramin abin da aka cinye zuwa babban da ya cinye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutane ta hanyar abinci yake shiga, kuma jiki kan ɗauki shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabin abin da ya tara.

Rukuni na biyu shi ne PFAS, dangin sinadarai dubbai da aka gina a kan haɗin kabon da fulorin, ɗaya daga cikin haɗe-haɗe mafi ƙarfi da ilimin sinadarai ya sani. Ƙarfin nan shi ne amfaninsu, shi ne kuma matsalarsu. Suna korar ruwa da mai da datti, suna jure zafi, shi ya sa ake shafa su a kasko, da takardar naɗe abinci, da rigar ruwa, da kafet, da wasu kayan kwalliya, da kumfar kashe gobarar man fetur. Saɓanin rukunin farko, su a jini da hanta suka fi zama, kuma suna tafiya cikin ruwa da sauƙi har su kai rijiya.

Tarihinsu ya soma a 1938, lokacin da wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont, Roy Plunkett, ya ci karo da abin da daga baya aka sa wa suna Teflon. Illarsu ba ta fito fili sosai ba sai da shari'ar mutanen yankin Parkersburg a jihar West Virginia ta Amurka, waɗanda sinadarin PFOA daga masana'antar kamfanin ya gurɓata ruwan shansu. An ɗauki jinin mutane kusan 69,000, kuma zuwa 2012 kwamitin masana da aka kafa ya bayyana cewa akwai yiwuwar alaƙa tsakanin sinadarin da cututtuka shida: sankarar ƙoda, sankarar 'ya'yan maraina, cutar tayirod da ke maƙogwaro, wani nau'in gyambon babban hanji, hawan jinin masu juna biyu, da yawan kitse a jini. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya PFOA a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga mutane. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai kuwa, da ta zo tsayar da iyaka a 2020, abin da ta fi dubawa shi ne shaidar cewa sinadaran na rage ƙarfin amsar da jikin yara ke bayarwa ga allurar rigakafi.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar Stockholm, wadda aka amince da ita a 2001 ta fara aiki a 2004, ita ce babbar dokar duniya kan waɗannan sinadarai, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka rattaba mata hannu. Ta fara da sinadarai 12, ciki har da DDT da PCB da dayoksin. A 2009 aka ƙara lindane da PFOS, a 2019 aka ƙara PFOA, a 2022 kuma PFHxS. Najeriya ta ɗanɗana lamarin tun kafin yarjejeniyar: a 1988 aka gano dubban gangunan dattin masana'antu da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, kuma abin da ya biyo baya shi ne dokar hana shigo da datti mai guba da kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. A yau hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da hukumar NAFDAC ne ke da alhakin sa ido.

Sai dai haramci a takarda ba ya kwashe abin da ya riga ya shiga ƙasa, ba ya kuma hana tsohon kaya yawo a kasuwa. A nan ne aikin gida yake farawa.

Wutar bola

Shawarwarin da ake rubutawa a Turai da Amurka sukan fara da kaskon girki. Ga iyalin da ke Kano ko Fatakwal ko Ibadan, akwai abin da ya fi kasko gaggawa, wato hayaƙin shara. A unguwanni da dama babu motar kwasar shara da ake iya dogara da ita, don haka ana tara bola a bayan gida ko bakin kwata a cinna mata wuta da yamma. Irin wannan wuta mai ci a hankali, mai yawan hayaƙi, wadda ta haɗa ragowar abinci da leda da tsumma da guntun bututun roba da rigar wayar lantarki, ita ce ainihin yanayin da dayoksin ke samuwa. Bututun ruwa na roba da rigar waya sun fi haɗari saboda kulorin da ke cikinsu. Hayaƙin ya sauka a kan ƙasa da ganye, tokar kuma ta zauna a wurin.

Daga nan sai kaji. Kazar gida tana yini tana tono a juji, tana haɗiyar ƙasa tare da abin da ta tsinta, sinadarin kuma ya taru a gwaiduwar ƙwanta. Wani bincike da ƙungiyoyin kare muhalli suka fitar a 2019 kan ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, wurin da aka yi suna wajen ƙona tsofaffin kayan lantarki a birnin Accra na Ghana, ya nuna cewa ƙwai ɗaya ya ninka iyakar dayoksin da hukumar Turai ta yarda babban mutum ya ci a rana har sau 220. Wannan wuri ne da abin ya yi tsanani, ba kowace bola ba ce haka, amma hanyar ɗaya ce. Iyalin da ke kiwon kaji ko awaki kusa da inda ake ƙona shara, ko inda 'yan gwangwan ke ƙona waya don ciro tagulla, ya fi musu su killace dabbobin su riƙa ba su abinci a mazubi. Kada kuma a zuba tokar bola a lambu ko gona da sunan taki. Tokar itace zalla daban ce da tokar da roba ta ƙone a cikinta.

Ragowar abinci da ganye ana iya binne su su zama taki, kwalabe da ƙarafa da robobi masu kauri kuwa akwai masu saye. Idan aka ware waɗannan, abin da ya rage ba shi da yawa. Haka nan al'adar hura gawayi ko itace da guntun leda ko silifas ta cancanci a bar ta: mai girki ce ke durƙushe a kan hayaƙin, sau da yawa da goyo a bayanta.

Babbaka ma ta shigo nan. A wasu mayanka ana babbake kai da ƙafa da fatar da za a yi ganda da tsofaffin tayoyi ko robobi, domin sun fi itace arha kuma wutarsu na da ƙarfi. Hukumomin lafiya a jihohi daban-daban sun sha hana wannan. Mai saye yana da haƙƙin ya tambayi mahauci da me aka yi babbakar, kuma ganda mai warin taya ko baƙin da ba ya fita da kankara ba ta cancanci tukunya ba. A lokacin layya, da ake babbaka a gida, itace ko gas sun wadatar.

Mai da mazubi

Man taransifoma na tsofaffin na'urori na iya ƙunsar PCB. Jami'an Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ke aikin kawar da shi sun yi gargaɗin cewa irin wannan mai na fita ta ɓarauniyar hanya ya isa hannun wasu masu suya, domin ba ya saurin ƙonewa. Abin da cin PCB a cikin man girki ke yi sananne ne: a 1968 a Japan, sannan a 1979 a Taiwan, ya gurɓata man da ake tatsa daga dusar shinkafa, dubban mutane suka kamu da ƙuraje masu tsanani da duhun fata, 'ya'yan da matan suka haifa daga baya ma abin ya shafe su. Man da ba a san asalinsa ba, wanda arharsa ta yi yawa, abin gudu ne. Ba a kuma shafa man taransifoma a jiki da sunan maganin sanyi ko ƙaiƙayi.

Ganga da jarka su ma abin lura ne. Gangar da ta taɓa ɗaukar sinadarin masana'anta ko maganin feshi ba ta komawa mazubin ruwan sha ko na manja, ko da an wanke ta da sabulu sau goma, domin roba na shan abin da aka zuba mata. Kafin a sayi gangar ajiye ruwa ta hannu, a san abin da ta fara ɗauka.

Game da hatsi, ya kamata a bambanta abu biyu. Fiya-fiya da ire-irensa da wasu ke zubawa a wake ba sa cikin sinadarai masu daɗewa. Haɗarinsu na nan take ne, kuma shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Gamalin kuwa yana daɗewa, kuma an tabbatar yana haddasa sankara. Maganin duka biyun ɗaya ne: ajiyar da ba ta buƙatar magani, kamar buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ko jarka mai tsabta da aka cika aka toshe. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Kifin da aka kama ta hanyar zuba magani a ruwa shi ma ba abin ci ba ne.

Tun da sinadaran rukunin farko a kitse suke taruwa, rage kitsen nama da cire fatar kifi mai maiƙo na rage wani abu. Wannan dabara ba ta aiki a kan PFAS, waɗanda ke cikin tsoka da hanta. Abin da ke aiki a kan duka biyun shi ne sauya abinci da sauya wurin saye, ta yadda iyali ba za su dogara kullum da kifin kududdufi ɗaya da ke karɓar ruwan masana'antu ba.

Ruwan sha

Inda ruwa ya gurɓata da PFAS, shi ne babbar hanyar shigarsu jiki. Wuraren da aka fi samun haka a ƙasashen da suka yi gwaji su ne kewayen filayen jiragen sama, da sansanonin soja, da matatun mai da ma'ajiyarsa, inda ake atisaye da kumfar kashe gobara, sai kuma kusa da manyan jujin birni da masana'antun saƙa da jima da takarda. Mai shirin haƙa rijiya ko burtsatse a irin waɗannan wurare ya kamata ya sa wannan a lissafi.

A Afrilun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tsayar da iyakar PFOA da PFOS a ruwan sha a kan kashi 4 cikin tiriliyan. Wannan kwatankwacin ɗigo ɗaya ne a cikin ruwan da zai cika tankokin dakon mai kusan 380 masu cin lita 33,000. Ƙanƙantar adadin ta nuna cewa ido da hanci da harshe ba su da abin cewa a nan. Ruwa na iya zama garau kuma yana ɗauke da su.

Tafasawa ba ta kawar da su. Alif, wanda ke kwantar da laka, shi ma ba ya yi, haka tacewa da ƙyalle. Abin da aka tabbatar yana ragewa shi ne matatar da ke aiki da gawayin da aka sarrafa musamman don tace ruwa, da kuma na'urar da ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai matsattsun ƙofofi, wadda ta fi inganci amma ta fi tsada kuma tana zubar da ruwa da yawa. Gawayin murhu ba shi ne wancan ba. Matatar da ta wuce wa'adinta ba a sauya cikinta ba kuwa takan daina aiki ba tare da wata alama ba. Duk da haka bai kamata kowa ya daina tafasa ruwa ba: kwalara da taifot na kisa cikin kwanaki, kuma tafasawa na maganinsu.

Kasko da takarda

Kaskon da abinci ba ya kamawa a cikinsa ya zama ruwan dare a kayan ɗakin amare. Tsoron da ake yi masa ya ɗan wuce kima. Manyan kamfanoni takwas sun yi alkawari a 2006 cewa za su daina amfani da PFOA zuwa 2015, kuma rufin kaskon da kansa ba ya narkewa a ciki idan an haɗiyi ɓarɓashinsa. Matsalar tana tasowa ne idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Salshiyos, inda rufin ke fara lalacewa yana fitar da tururi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, wanda ke kashe tsuntsayen keji. Kasko babu komai a ciki a kan gas mai ƙarfi na iya kai wa nan cikin 'yan mintuna. Saboda haka kada a bar shi a wuta fanko, a yi amfani da matsakaiciyar wuta da cokalin katako, a buɗe taga, idan kuma ya kankare ya fara ɓarewa a yi ritayarsa. Rubutun da ke jikin kwali cewa babu PFOA ba ya nufin babu sauran danginsa.

Tukunyar silba, da kaskon baƙin ƙarfe, da tandar ƙasa ta waina ba su da wannan rufi, kuma baƙin ƙarfen da ya sha mai ya daɗe yana aiki ba ya kama abinci sosai. Amma kada a gudu daga zafin rana a faɗa wuta: tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkacen alminiyom, wani lokaci har da sassan injin mota, an same su suna sakin dalma a abinci a wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014. Ludayi da cokalin baƙar roba masu arha ma an samu wasunsu da sinadaran hana kama wuta, domin an yi su ne daga narkakkun robobin tsofaffin kayan lantarki. Muciya da ludayin duma ba su da wannan tarihi.

Takardar da mai ba ya ratsa ta, irin ta wasu gidajen abincin zamani da buhun gugguru na cikin na'urar ɗumama abinci, sau da yawa PFAS ne ke ba ta wannan hali. Denmark ta hana su a takardar abinci a 2020, hukumar abinci ta Amurka kuma ta sanar a 2024 cewa an daina sayar da su don wannan aiki a ƙasar. Abinci mai zafi da maiƙo ya fi janyo su, don haka juye shi a faranti da zarar an iso gida ya fi barinsa a cikin takardar.

Ƙura, katifa da kwalliya

Tsofaffin kujeru da katifun soso da talabijin da kwamfutoci, musamman na gwanjo da aka ƙera kafin haramcin 2009, na iya ɗauke da sinadaran hana kama wuta da ke fita a hankali su shiga ƙurar ɗaki. Yaro mai rarrafe shi ya fi kwasa, domin hannunsa daga ƙasa sai baki. Goge daɓe da kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma ya fi kaɗe su, yayyafa ruwa kafin shara da cire takalmi a bakin ƙofa kuwa al'adu ne da dama ake da su. Katifar da ta yage soso yana zuba a ɗinke mata riga, kada a bar yara suna wasa da guntayen. A wanke musu hannu kafin cin abinci, musamman a lokacin hunturu.

A ɓangaren kwalliya, masu bincike a Jami'ar Notre Dame ta Amurka sun gwada kayayyaki 231 a 2021, suka samu alamar fulorin mai yawa a kusan rabinsu, galibi a jan-baki mai daɗewa, da hodar ruwa, da abin gashin ido da ruwa ba ya wankewa. Mai saye na iya duba jerin abubuwan haɗi: PTFE, ko kalmar da ta fara da perfluoro ko polyfluoro, alama ce. Faransa ta zartar da doka a 2025 da ta hana PFAS a kayan kwalliya da tufafi daga 2026. Sinadarin fuloraid na man goge baki wani abu ne daban, ba ya cikin wannan dangi.

Abubuwan da ba za a bari ba

Ana samun waɗannan sinadarai a ruwan nono, kuma jin haka kan tayar da hankalin uwa. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya bai sauya ba: shayar da nono zalla na wata shida na farko, domin amfaninsa ya rinjayi wannan haɗari da nisa, madarar gwangwani kuma da ruwa ake dama ta, ruwan da shi ma zai iya zama gurɓatacce. Gidan sauro mai magani ma ba DDT ne a jikinsa ba, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi kusa da yaro fiye da duk abin da aka ambata a nan. Haka kifi da ƙwai: a kula da inda suka fito, ba a daina ci ba.

Babu wani jiƙo ko shayi ko ƙwayar wankin ciki da aka tabbatar tana fitar da waɗannan sinadarai daga jini, duk da yawan masu tallar hakan a shafukan sada zumunta. Abin da aka gani a zahiri shi ne, bayan kamfanin 3M ya fara janye PFOS daga 2000, yawansa a jinin Amurkawa ya yi ta raguwa shekara bayan shekara.

Wanda ya tarar da tsohon maganin ƙwari a rumbu ko shago, musamman wanda rubutun jikinsa ya goge, kada ya zuba shi a kwata ko masai ko rafi, kada kuma ya ƙona shi. A bar shi a rufe cikin mazubinsa, a ɗaga shi inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, nesa da abinci, a sanar da ofishin NAFDAC ko NESREA ko ma'aikatar muhalli ta jiha. Robar maganin feshin da aka gama amfani da ita kuwa a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar a cikin tankin feshi, sannan a huda ta yadda wani ba zai tsince ta ya zuba mai ko ruwa ba.